Dizal da fetur a tseren awa 24: adalci ne a riƙa rage wa mai nasara ƙarfi?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san inji, da kuma masu bin tseren motoci na dogon zango, musamman na Le Mans da ake yi a Faransa, inda mota take wuni ta kwana tana zagaya hanya mai tsawon kimanin kilomita 13.6, direbobi uku suna karɓa-karɓa, har awa 24 ta cika. Na daɗe ina sake kallon tsofaffin tseren a waya, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. A 2006 kamfanin Audi ya shigo da motarsa R10 TDI, wadda ta zama mota mai amfani da dizal ta farko da ta ci wannan tsere, kuma daga nan har zuwa 2014 babu shekarar da motar fetur ta yi na ɗaya. Amma a tsawon shekarun nan hukumar ACO mai shirya tseren ba ta daina taɓa dokokin ba: tankin motar dizal da yake lita 90 aka mayar da shi 81 a 2007 alhali na fetur yana nan a 90, daga baya aka ƙuntata ƙofar iska, aka rage matsin tarbo (na'urar da take cusa wa inji ƙarin iska), aka ƙara wa motocin nauyi.

Tambayata ita ce, in an kafa doka kowa ya gani, wani ya zauna ya yi nazari ya ƙera abin da ya fi na kowa a cikin wannan dokar, da wane dalili za a dawo a datse masa fiffike? A ganina wannan hukunta mai ƙwazo ne, kuma ina so wanda ya fi ni sani ya nuna mini inda na kuskure.

Bakaniken Kalambaina:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Shekarata sama da ashirin ina buɗe injin tirela da tifa, saboda haka zan amsa daga abin da hannuna ya taɓa. Kuskuren yana cikin ɗaukar cewa dokar farko ita ce daidai, duk abin da ya biyo baya kuwa ragi ne. Lita ɗaya ta gas, kamar yadda muke kiran dizal a gareji, ba daidai take da lita ɗaya ta fetur ba. Gas ya fi nauyi, kuma ƙarfin da ke cikin litarsa ya ɗara na fetur da wajen kashi goma cikin ɗari, don haka wanda ya ba motoci biyu tanki mai lita 90 kowacce ya riga ya ba ɗaya guzurin da ya fi na ɗayar tun kafin a tashi. Ka lissafa da kanka, daga 90 zuwa 81 kashi goma ne cif aka cire. Ba ƙwace aka yi wa Audi ba, rarar da aka ba shi bisa kuskure aka karɓe.

Bayan wannan akwai yadda injin yake cin man. Injin gas ba shi da filogi. Fistan ne yake matse iska har ta yi zafin da, da zarar nozul ya fesa mai, sai ya kama da kansa. Wannan matsi mai yawa shi ya sa yake fitar da aiki mai yawa daga mai kaɗan, kuma shi ya sa mai injin niƙa a unguwa yake wuni yana aiki da abin da ba zai kai ƙaramin janareton fetur ko'ina ba. Sannan ƙarfin jansa yana zuwa tun injin bai yi sama ba. R10 tana da silinda goma sha biyu, girman injin lita 5.5, da tarbo biyu, kuma yawancin aikinta tsakanin juyi 3,000 zuwa 5,000 a minti take yin sa, yayin da injunan fetur suke ihu sama da haka nesa kafin su ba da ƙarfinsu. Wannan yana nufin direba ba ya yawan canza giya, motar tana fita daga kwana kamar an harba ta, kuma tana yin zagaye mai yawa kafin ta koma shan mai. A tseren awa 24, kowace tsayawa da ka tsallake riba ce da ba ta buƙatar gudu.

Sai dai gas yana da nasa harajin, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga kan injin tirela da sarƙa ya sani. Dole a yi injin da kauri don ya jure matsin, sai ya zo da nauyi, nauyin kuma a bayan mota yake zama ya wahalar da tayoyi. Masu doka suna auna riba da wannan haraji ne, kuma ba abin mamaki ba ne in ba su dace da ma'aunin a karon farko ba.

Malamin Fiziks, Runjin Sambo:

Maigida ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Abin da zan ƙara shi ne cewa matsalar ta daɗe ba ta warware ba saboda kayan awon da aka yi amfani da su tun asali don injin fetur aka yi su. Ana sa wani zobe a bakin hanyar iska don a taƙaita abin da inji zai shaƙa, kuma a injin fetur wannan yana aiki sosai, domin iska da mai suna tafiya ne bisa ƙayyadadden rabo, in ka san iskar ka san ƙarfin. Injin dizal kuwa da rarar iska yake aiki, yawan man da aka fesa shi ne yake tsara ƙarfinsa, saboda haka injiniyoyi suna iya ci gaba da gyara feshi da ƙonewa su dawo da abin da zoben ya cinye. Kowace shekara hukuma ta ƙuntata, kowace shekara kuma su dawo da shi.

A 2011 aka yi babban sauyi: aka iyakance injin dizal a lita 3.7, na fetur marar tarbo a 3.4, mai tarbo a 2.0. Duk da haka Audi R18 ta ci, Peugeot 908 tana bayanta da ƙasa da daƙiƙa 14 bayan awa 24, motocin dizal suka cika matsayi biyar na farko, motar fetur da ta fi kowacce ƙoƙari ta zo ta shida.

Sai a 2014 aka canza tambayar gaba ɗaya, kuma a nan nake ganin an kama bakin zaren. Aka daina tambayar girman inji da faɗin zobe, aka koma tambayar yawan makamashin da mota za ta ƙona a zagaye ɗaya. Aka sa na'urar auna kwararar mai a kowace mota, aka ware wa kowane nau'in mai rabonsa bisa ƙarfin da ke cikinsa da ingancin injinsa, tsarin da suka kira daidaiton fasaha. Aka kuma raba motoci masu haɗa inji da lantarki gida huɗu, megajul 2, 4, 6 da 8 (megajul ma'aunin makamashi ne), gwargwadon ƙarfin lantarkin da mota za ta saki a zagaye, kuma wanda ya zaɓi lantarki mai yawa sai a rage masa mai. A nan ne nauyin da maigida ya ambata ya juyo ya ciji dizal, domin injin mai nauyi bai bar wa Audi wurin ɗaukar manyan kayan lantarki ba. Da megajul 2 ya fara a 2014, ya kai 4 a 2015, alhali Porsche 919 mai ƙaramin injin fetur na lita 2 ta riga ta kai 8 a wannan shekarar, kuma ita ce ta kawo ƙarshen mulkin dizal.

Tsohon Akawu, Arkilla:

Malam, Allah ya gafarta, na amince da lissafinka, amma akwai wani lissafi da ba na megajul ba, kuma shi ne ya fi damuna a duk wannan tarihi. Daga 2006 zuwa 2011 su wa suke tuƙa dizal? Audi da Peugeot, manyan kamfanoni masu ɗaruruwan injiniyoyi da kuɗin gwaji na wata da watanni. Su wa suke tuƙa fetur? Galibi ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu da suke sayen inji daga wani su ɗora a motarsu. Henri Pescarolo, wanda ya ci Le Mans sau huɗu yana direba, motarsa mai injin Judd ta zo ta biyu a 2006, zagaye huɗu a bayan Audi, wato sama da kilomita 50, kuma ya yi ta kokawa a fili cewa dokar ta fifita dizal. Yana da hujja, amma wa zai iya rarrabe nawa ne cikin zagaye huɗun nan na mai, nawa ne kuma na aljihu? Hukumar da ta ɗauki tazarar duka ta ɗora wa dizal ta zalunci wanda ya kashe kuɗi ya yi aiki, wadda kuma ta ce tazarar duka ta ƙwarewa ce ta kori ƙananan ƙungiyoyin da su ne suke cika fili duk ranar da manya suka tafi. Kuma suna tafiya: Peugeot ya janye a farkon 2012 ana gab da fara sabuwar gasar duniya, Audi ya bi bayansa a ƙarshen 2016.

Abin da ya sa nake jin aljihu yana da babban kaso shi ne, duk lokacin da fetur ya sami uban gida mai ƙarfi sai labarin ya canza. Porsche RS Spyder, motar fetur ce ta ƙaramin aji mai sauƙin nauyi, ta sha doke R10 a Amurka a hanyoyi masu yawan kwana, har ta ci tseren awa 12 na Sebring a 2008. Toyota da ya dawo da motar fetur a 2012 ya ci tsere uku a shekararsa ta farko, ya kuma ɗauki kambun duniya a 2014, shekarar da motarsa take kan gaba a Le Mans har matsalar wayoyin lantarki ta tsayar da ita kafin gari ya waye.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, iyayena. Batun lita 81 na janye shi, domin ban taɓa lura cewa kashi goma ne daidai ba. Amma zuciyata ba ta kwanta da gyaran da ake yi bayan an riga an ƙera mota ba. Inji irin wannan shekaru ake ɗauka ana tsara shi, kuma wanda ya san za a sake ƙuntata masa iska baɗi zai iya ɓoye gudunsa bana don kada a gan shi. Shin dokar 2014 ta toshe wannan ƙofa, Malam?

Malamin Fiziks, Runjin Sambo:

Ta rage ta, ba ta toshe ta ba. Ƙarfinta shi ne ba ta dogara da sakamakon tsere kaɗai ba, tana duba bayanan da aka ɗauko daga injunan kansu, kuma ɓoye ingancin inji a gaban na'urar awo ya fi wuya da ɗaga ƙafa daga totur. Rauninta kuwa shi ne cewa Audi kaɗai yake amfani da dizal a lokacin, don haka ana kwatanta injin kamfani ɗaya ne da mafi kyawun injin fetur na kamfanoni biyu, Toyota da Porsche, kuma in Audi ya yi rauni a wata shekara babu wani dizal na biyu da zai nuna ko man ne ya gaza ko masu ƙira ne. Tun 2021 da aka buɗe ajin Hypercar, sabon babban ajin tseren, an koma daidaita motocin ɗaya bayan ɗaya, ana ƙara ko rage nauyi, ƙarfin inji da makamashin da za a ƙona tsakanin tsayawa da tsayawa, kuma ƙorafin da kake yi shi ne ake yi a yau duk da cewa babu motar dizal ko ɗaya a cikinsu.