Ina tsofaffin gidajen silima na Njamena suka shiga?

Ɗan Dembe: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Manya suna yawan ambaton Rio da Vog da Shéhérazade da Normandie, amma Normandie kaɗai aka sake buɗewa. Yaƙi ne ya cinye sauran ko bidiyo? Sannan tsofaffin shagunan jan bulo na wajen babbar kasuwa da suke ta darewa, suna gyaruwa kuwa?

Baba Mai Majigi: Wa alaikumus salam ɗana. Duka biyun ne, amma yaƙi ya fara. Faɗan Fabrairun 1979, sai na 1980 tsakanin shugaban ƙasar Chadi na lokacin Goukouni da ministan tsaronsa Habré da ya kai wata tara, mutane suka yi ta tsallaka ruwa a kwalekwale zuwa Kusiri ta Kamaru. Ko babban cocin Katolika bai tsira ba. Da ƙura ta lafa, ga gini a tsaye, amma sana'ar ta karye.

Abin da matasa ba su sani ba, silima a lokacin aikin hannu ce. Fim mai faɗin milimita 35 yana gudu hoto 24 a daƙiƙa, kowane naɗi mita 600 ne, kimanin minti 20. Fim na awa ɗaya da rabi ke nan naɗi biyar. Shi ya sa ake ajiye majigi biyu a ɗakin haskawa: idan ɗigo ya bayyana a kusurwar dama ta sama, mai haskawa ya tada na biyun, in ɗigo na biyu ya fito ya juya haske zuwa gare shi. Ya yi jinkiri kaɗan, allo ya yi fari, 'yan kallo su hau ihu. Fitilar kuma sandunan gawayi biyu ne da wuta ke ci a hankali, dole a riƙa matso da su. Ƙurar hunturu tana karce fim, zafi da laima kuma su sa shi warin tsami ya lanƙwashe. Duk kayan nan daga waje ake kawo su. Da gidajen bidiyo na unguwa suka zo da talabijin ɗaya da janareta da benci, kuɗin shiga ƙalilan, wa zai iya gasa da su?

Hajiya Malama: Baba ya faɗi gaskiya. In ƙara da cewa Normandie, da ke titin Charles de Gaulle, tun zamanin da garin ke amsa sunan Fort-Lamy take, domin sai 1973 shugaban ƙasa Tombalbaye ya sauya sunan. Bayan mai shirya fim ɗan Chadi Mahamat-Saleh Haroun ya ci lambar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a 2010, an gyara ta da kuɗin gwamnati aka buɗe a 2011, ƙarƙashin jagorancin mai shirya fim Issa Serge Coelo.

Sarkin Magina: Ƙanena, batun shaguna, ruwa ya fi harsashi ɓarna. Ƙasar garin nan laka ce, ta kumbura da damina ta tsuke da rani, ginin da tushensa bai yi zurfi ba sai ya riƙa motsi da ita. Kafin a taɓa tsaga, a shafa mata ɗan filasta a gicciye, a rubuta kwanan wata, a jira damina ta wuce. In ya tsage, ginin na motsi har yanzu, cikewa asarar kuɗi ce sai an duba tushe.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne yaɓe tsohon bulo da siminti mai ƙarfi. Danshi ya hau daga ƙasa bai sami mafita ba, gishiri ya fito fari fat a gindin bango, bulon ya zama gari a ciki alhali waje sumul. A kankare simintin kamar mita ɗaya daga ƙasa, a bar bango ya sha iska, sannan a yaɓe da farar ƙasa awo ɗaya, yashi awo uku. A gyara indararo ya zubar da ruwa nesa da bango, a share lambatu kafin watan Yuni. A ƙwanƙwasa azarar rufi ma, wadda ta yi ƙarar holoƙo gara ta riga ta shige ta, sai a tokare rufin kafin a zare ta.