Bindigar Baba: a goge ta koma sabuwa, ko a bar mata launinta?

Nasiru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Da anka raba gadon Baba, Allah ya jiƙan shi, bindigar farautarsa ta faɗo rabona. Mai baki biyu ce, an rubuta Webley & Scott, Birmingham a tsakanin bututun. Da ita yake zuwa fadamar Rima harbin agwagwar ruwa, ni ke riƙe mashi jaka ina yaro. Shekara takwas tana rataye cikin kubenta na fata. Jiya na zare ta sai da na yi ƙwalla: tsatsa ta yi mata ɗigo-ɗigo, ƙotar kuma ta tsage kusa da kunama. So nake ta koma yadda ta fito daga kamfani. Wa zan kai wa?

Bashar: Allah ya gafarta wa Baba. Ka kai wa masu walda su bi ta da injin guga, a fesa baƙin fenti, kafinta ya yi wa ƙotar samfefa ya shafa banish. Kwana biyu an gama.

Malam Umaru: Wa alaikumus salam. Nasiru, kafin maganar gyara, ina takardarta? Na yi aikin ɗan sanda, don haka ka saurare ni. Lasisin bindiga ba a gadonsa, sunan mamaci ke kai. A dokar makamai ta 1959, irin wannan ta harsashi Sufeto Janar ke ba da lasisinta, harba-ka-ruga kuwa Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Gyaran bindiga ma sai wanda aka ba izini. Ka nemo tsohuwar takardar, ka je hedikwata ka sanar da rasuwar. Kada ka ɗauko ta a mota kana yawon neman mai gyara, a halin tsaron da muke ciki.

Nasiru: Na gode Malam. Takardar na cikin akwatin Inna, na gan ta.

Kawu Garba: Ɗana, ka yi haƙuri da shawarar Bashar, kada ka bi ta. Abin da yaf faru gare ni ke nan. Ta mahaifina na kai wa wani mai walda, ya dawo mini da ita tana walƙiya awa cokali, amma sunan kamfani da hatimai duk sun tafi da guga. Har yau in na dube ta raina na ɓaci. Baƙin nan da kake gani jikin bututu ba fenti ba ne. Tsatsa ce aka tayar da gangan, a dafa cikin ruwa ta koma baƙa, a goge, a sake, sau da yawa, har ta zauna jikin ƙarfen. Kuma bututun biyu da dalma anka haɗa su. Wuta mai yawa ko magani mai kaifi na iya cinye dalmar su saki.

Nasiru: To Kawu, tsatsar fa? Ba zan iya kallonta haka ba.

Kawu Garba: Ka jiƙa tsumma da kananzir ka shafe wurin, ya kwana. Da safe ka ɗiga man keken ɗinki, ka samo tsohon kwabo na jan ƙarfe, na 1973, ka riƙa kankarewa da gefensa a hankali. Kwabon bai kai ƙarfen bindiga tauri ba, tsatsar zai ɗebe ya bar baƙin. Za ka ga man ya koma ja, ka share, ka sake. Inda ramin tsatsa ya yi zurfi ka bar shi, ka dai tsayar da cinta. Ban da man gyaɗa, yana daskarewa ya yi danƙo. Kusoshinta kuma tsagarsu siririya ce, sukundireban kasuwa zai tauna kansu, kada ka kwance ko ɗaya.

Hajiya Asabe: Ni 'yar gidan dukawa ce, fata na sani. Kuben nan shi ya ja maka. Fata na shan laimar damina ta riƙe, sannan bagaruwar jima na cin ƙarfe in sun daɗe tare. Ka aje kuben daban, ka shafa mashi man kaɗe kaɗan, shi ma abin tunawa ne.

Bashar: Na karɓi gyara. Amma ƙotar da ta tsage ai sai an sake sabuwa ko?

Kawu Garba: A'a. Hunturun Sakkwato ke busar da itace ya tsage, sannan man da ake zuba wa bututu yana gangarowa cikin ƙota in an jingine ta baki sama, ya laushe ta. Nan gaba baki ƙasa za ka aje ta. Tsagar a wanke mata mai, a ɗura gam mai ƙarfi, a ɗaure da robar tayar keke ta kwana. Samfefa kuwa za ta cinye zanen da anka yi da hannu wurin riƙo. Man linsid na masu fenti, ɗigo biyu a tafin hannu, ka murza har ya yi ɗumi. Haka kamfani ya yi mata tun farko.

Malam Umaru: Ƙari ɗaya. Kada a harba ta sai mai izini ya duba. Ka tabbatar ba harsashi ciki, ka cire katakon gaba, ka ɗaga bututun, ka karanta mana abin da ke ƙarƙashi.

Nasiru: Na cire. Akwai kambi da haruffa BNP, da 12, da 2½".

Malam Umaru: Madalla. Hatimin gidan gwajin bindigogi na Birmingham ke nan, wanda aka kafa a 1813, kuma BNP alama ce an gwada ta bayan 1954. Wancan 2½ shi ne abin lura: mazaunin harsashinta milimita 65 ne, yawancin harsashin yanzu kuwa 70. Zai shiga lafiya lau, amma wurin harbi ba ya samun wurin buɗewa, matsin ya ƙaru.

Kawu Garba: Tunda bututun na hannunka, rataye shi da igiya ka ƙwanƙwasa da fensir. In dalmar ta saki za ka ji sautin ya mutu.

Nasiru: Kawu, ya yi ƙara kamar ƙararrawa, har Inna ta leƙo daga ɗaki. Na kuma ga inda babban yatsan Baba ya cinye baƙin ƙarfen, ya yi fari. Wurin nan ba zan bari a taɓa ba. Ranar Litinin in sha Allah zan kai takardar hedikwata. Wa ke da tsohon kwabo ya ara mini?

Hajiya Asabe: Akwai a gwangwanina. Aiko yaro bayan la'asar.