Guideline, regulation, rule da policy: duk "ƙa'ida" ne a Hausa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Malamai, a takardun gwamnati ana yawan cin karo da act, regulation, rule, guideline da policy. In an zo fassara sai a ga duk an ce "doka" ko "ƙa'ida". Shin da gaske ma'anarsu ɗaya, ko kowacce da matsayinta? Kuma wacce ce in mutum ya saɓa mata za a iya kai shi kotu?

Barista:
Wa alaikumus salam. Ba ɗaya ba ne, kuma bambancin yana ga wanda ya yi ta da ƙarfin da take da shi. A Najeriya, act ita ce dokar da Majalisar Tarayya ta zartar. Kafin a sa mata hannu sunanta bill, wato ƙudirin doka. Shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu, in ya ƙi, kashi biyu bisa uku na kowace majalisa na iya tabbatar da ita ba tare da shi ba. Wadda majalisar jiha ta yi ana kiranta law, ta ƙaramar hukuma kuma by-law.

Regulation tana ƙarƙashin act. Majalisa ba ta iya rubuta kowane ɗan bayani, sai ta ba minista ko wata hukuma ikon fitar da ƙa'idojin aiwatarwa. Misali, dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta biyo ta da Companies Regulations a 2021. Regulation tana ɗaure mutum kamar doka, har da tara, muddin ba ta wuce ikon da uwar dokar ta bayar ba. In ta wuce, kotu na iya soke ta.

Guideline kuwa jagora ce, tana nuna yadda ya kamata a yi abu. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, har da manyan 'yan siyasa. A zaɓen 2015 hukumar INEC ta sa na'urar tantance katin zaɓe a cikin jagorarta, amma dokar zaɓe ta lokacin ba ta ambace ta ba. Da shari'ar gwamnan Ribas ta kai Kotun Ƙoli a 2016, kotun ta ce jagorar hukuma ba za ta rinjayi abin da dokar zaɓe ta tanada game da rajistar masu zaɓe ba.

Malamin Turanci:
Barista ya gama da ɓangaren shari'a. Ga dabarar da ta fi sauƙi ga mai fassara: kada ka tsaya a kan taken takardar, duba fi'ilan da ke cikinta. In ka ga shall ko must, tilas ce, ka rubuta "dole ne" ko "wajibi ne". In should ce, shawara ce mai ƙarfi, "ya kamata". May kuma izini ne, "yana iya". Sau da yawa babban bankin ƙasa kan fitar da takarda mai suna guidelines alhali cike take da shall da tarar da za a ci bankin da ya saɓa. Irin wannan in ka fassara ta da "shawarwari" ka yaudari mai karatu.

Rule ita ce ta tsara aiki a cikin wani gida takamaimai: kotu, majalisa, makaranta, ko aikin gwamnati, kamar Public Service Rules da ma'aikata suka sani. "Ƙa'ida" ta zauna mata daram. Policy manufa ce, inda aka dosa, ba a gurfanar da kowa don ya saɓa mata sai in an mayar da ita doka. Ni dai ina ganin regulation ta fi dacewa da "ƙa'idojin aiwatar da doka", ko da ya yi tsawo, don a raba ta da rule.

Ɗan Damagaram:
Wani tarko ga masu aiki da takardun Najeriya da Nijar. Decree a Najeriya dokar soja ce ta tarayya, ta gwamnan soja a jiha kuma edict. Dokar mallakar filaye ta 1978 ma decree ce tun asali, daga baya aka riƙa kiranta act. Amma décret a Faransancin Nijar ba haka take ba: takardar zartarwa ce da ke ƙarƙashin loi, wato dokar majalisa, ta fi kusa da regulation. Abin da gwamnatin soja ke kafa doka da shi a nan sunansa ordonnance, na minista ko gwamna kuma arrêté. Duk wanda ya fassara décret da "dokar soja" ya sauya ma'anar takardar gaba ɗaya.

Mai Neman Sani:
Allah Ya saka da alheri. To circular fa, Barista?

Barista:
Takardar sanarwa ce da ofis ke rarraba wa na ƙasa da shi. Tana ɗaure ma'aikacin da aka aika wa, amma ba ta gyara act ko regulation. In suka ci karo, ita ce ke faɗuwa.