Kamfani ya taɓa min zanen bod ba tare da ya tambaye ni ba, in nemi haƙƙina ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa na'urar cajin batirin sola a shagona da ke Tudun Wada. Da a kan bod mai huji-huji, wato allon da ake liƙa kayan lantarki a kai, nake jera kayan, bana na ce bari in yi na zamani. Na zana a manhajar zanen bod ta KiCad, na fitar da fayilolin Gerber, waɗanda kamfani ke buga bod da su, na tura wa wani kamfani a Shenzhen, guda 50. Don in rage kuɗi na ce su jera min su biyar-biyar da tsaga a tsakani yadda zan ɓalle da hannu.

Kaya sun iso, gwanin kyau. Sai da na fara gwaji na ga bakwai ba sa karanta ƙarfin batir. Na sa gilashin duba waya, sai ga siririn layin jan ƙarfen da ya bi gefen bod an aske shi, ya zama kamar silin gashi, a wasu ma ya yanke. Ni 0.3 milimita na zana. Bayan haka an datse farin rubutu a wurare, an kuma buga wata lamba da ban sa ba. Tambayata, suna da hurumin taɓa zanen mutum? In matsa su sake min, ko ɓata lokaci ne?

Baban Ummi, Kawo:
Wa'alaikumus salam. Ka matsa musu kawai. Tela ma idan zai rage wuyan riga sai ya kira mai kaya. Ka ɗauki hotuna ka tura.

Injiniyan Barnawa:
Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Amma fa babu bod ɗin da ake bugawa da ainihin fayil ɗin da mai shi ya tura. Ko ɗaya. Kowane kamfani yana da ma'aikatan da ke zama kan zane su daidaita shi da injinansu kafin a shiga aiki, kuma yawancin abin da suke yi don amfaninka ne.

Ka ɗauki layukan. Jan ƙarfen da ke kan bod na yau da kullum kaurinsa maikiron 35 ne (maikiron dubu ne milimita ɗaya). Sinadarin da ke cinye wanda ba a so ba ƙasa kaɗai yake ci ba, yana gatsar gefe ma. Da za su buga 0.3 ɗinka daidai, ƙasa da haka zai fito. Shi ya sa suke ƙara wa layi faɗi kaɗan tun a fayil. Haka huji: bayan an huda ana shafe cikinsa da jan ƙarfe kamar maikiron 20 zuwa 25, sai ya tsuke, don haka suke hudawa da abin da ya fi naka da kusan 0.1 milimita don ƙafar kaya ta shiga. Farin rubutun da ka ga an datse kuwa, na tabbata kan wurin liƙi ya hau. Da sun bar shi, dalma ba za ta kama ba, da yanzu wani ƙorafin kake yi. Lambar tasu ce ta gane oda, kamfanoni da yawa suna cire ta ko su sa inda ka nuna, in ka faɗa tun farko.

Layin gefe shi ne maganar. Wuƙar da ke yin tsagar nan tana cin gefe, saboda haka suke janye jan ƙarfe daga baki. Layinka yana cikin yankin, sai aski ya biyo ta kansa. A nan sun yi kuskure, wanda ya ga gyaransa zai kusan yanke layi ya kamata ya tsaya ya tambaya. Amma ka duba shafinsu, za ka tarar sun rubuta tazarar da suke buƙata daga baki. In ka keta ta, hujjarka ta yi rauni.

Maman Khalil:
Ɗan uwa, ka duba saƙonninka har da kwandon shara na imel. Sau da yawa suna turo tambaya, kuma Sin tana gabanmu da awa bakwai, lokacin da suke aiki mu muna barci. Ni ɗalibaina nake fara koya wa abu ɗaya: a saitin KiCad ka sa tazarar jan ƙarfe da baki 0.5 milimita, ka gudanar da binciken kurakurai, kada ka fitar da Gerber sai ya yi shiru. Sannan wajen oda akwai inda ake zaɓar a nuna maka fayil ɗin da suka gyara kafin bugu. Zai ƙara maka ɗan jinkiri, wani wurin da 'yan kuɗi. In ya zo ka buɗe shi da naka a GerbView, manhajar duba Gerber da ke cikin KiCad, ka ɗora ɗaya kan ɗaya, bambancin zai fito fili.

Baban Ummi, Kawo:
To Hajiya, shi ke nan ya yi asara kenan?

Mai gyaran inbata, Kasuwar Barci:
Wace asara? Oga, ka kankare koren fentin ta nan da can, ka ɗora siririyar waya ka liƙe, ka ɗiga gam a kai. Amma duka 50 ɗin za ka yi wa, ba bakwai kaɗai ba. Sauran ma layinsu a bakin mutuwa yake, zafin Maris ko girgizar Keke zai ƙarasa shi a gidan mai saye, kuma sunanka ne zai ɓaci.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, na duba, babu saƙonsu ko'ina. Amma na koma kan zanen, ashe tazarar da na bari daga baki 0.1 ce kawai, kuma tun kafin in yanke shawarar jera su na zana shi. Na rubuta musu da hotuna, na amsa nawa laifin, na tambaye su dalilin da ya sa ba su tuntuɓe ni ba. Yau na yi wa 12 waya, saura 38. Injiniya, in na gyara zanen zan iya turo maka ka duba min kafin in sake oda?

Injiniyan Barnawa:
Turo. Ka haɗa da fayil ɗin huji, shi mutane suka fi mantawa.