Sa hannun iyali ya isa kafin a ƙona gawa a Amurka?

Kawu na Bronx: Assalamu alaikum. Jiya wani abokin aikina ya nuna min takardar da ya sa wa hannu kafin a ƙona gawar mahaifiyarsa. Ga sunanta, ga nasa, ga inda ya ce ya yarda. A ganina doka ta sauke nauyinta. Wanda ya sa hannu da kansa ba shi da ta cewa daga baya. Mu kuma Musulmi binnewa muke yi, maganar ba ta shafe mu ba.

Anti Nas ta Atlanta: Wa alaikumus salam Kawu. Ka yi haƙuri, ban yarda ba. A nan Jojiya, a garin Noble, a 2002 aka gano gawarwaki sama da 300 a gidan ƙona gawa na Tri-State, wasu jibge a rumfa, wasu yashe cikin daji. Iyalansu sun amince, sun biya kuɗi, aka miƙa wa wasunsu garin siminti a matsayin tokar ɗan uwansu. Ka duba uwar da ta ajiye wannan a ɗakinta shekara da shekaru. Takarda ba ta hana komai ba, tunda babu mai zuwa ya leƙa wurin.

Ɗalibi a Denver: Anti, mu ma mun gani a Kolorado. A 2023 aka samu gawarwaki kusan 190 suna ruɓewa a wani gini a Penrose. A shekarar kuma aka ɗaure wata mata ta garin Montrose shekara 20 saboda tana sayar da sassan gawarwakin da aka kawo mata ta ƙona, har takardun amincewa na bogi take yi. Sai a 2024 jihar ta yi dokar da ta wajabta wa masu wannan sana'a lasisi.

Kawu na Bronx: To ai duk an kama su. Laifin ɓarawo ba laifin doka ba ne.

Anti Nas ta Atlanta: Bayan shekara nawa, Kawu? Ƙona gawa ba gyara a cikinsa. Kuma ni da nake asibiti na san yadda ake sa hannun nan: mutum na kuka, biro na rawa a hannunsa, ana nuna masa layi. Wannan ba amincewa da sani ba ce.

Hajiya ta kwamitin jana'iza: Bari in sa baki. Akwai dokar FTC, hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, tun 1984: dole gidan shirya gawa ya ba ka jerin farashi a rubuce, ya faɗa maka kuɗi ko ta waya, kuma ba shi da ikon tilasta maka sayen akwatin gawa in ƙonawa kawai za a yi. Haramun ne ya ce doka ta wajabta zuba wa gawa sinadarin hana ruɓewa alhali ba haka ba ne, wannan kuwa mu yake karewa. Amma wa ke da ikon cewa a binne ko a ƙona, kowace jiha da dokarta.

A nan ne nake jin tsoro, Kawu. Ɗan uwanmu na zaune shi kaɗai, iyalinsa na Kano ko Kumasi, ya faɗi ya rasu, ba wanda ya sani. A Los Angeles ƙaramar hukuma ƙona gawar da ba a zo nema ba take yi. Ko Legas tun 2013 tana da dokar da ta yarda da haka. Mun kuma ga yadda aka ƙona gawarwakin Musulmin Sri Lanka lokacin korona, iyalansu na roƙo, sai a Fabrairun 2021 aka daina.

Kawu na Bronx: Innalillahi. Wannan kam ban kawo shi a raina ba. Amma har yanzu ina kan cewa takarda ce matakin farko.

Hajiya ta kwamitin jana'iza: To ka cika taka tun kana da rai. A New York akwai fom na naɗa wakilin da zai tsaya kan gawarka, da shaidu biyu. Zan zo da shi masallaci ranar Juma'a, in Allah ya kai mu.