Me ya sa babban tseren Turawa na dawaki ƴan shekara uku ne kawai?

Ɗan Boukoki:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. A fadarmu muna yawan kallon tseren Faransa a telebijin, to akwai abin da ya shige mini duhu. Farkon watan Yuni an nuna Prix du Jockey Club daga garin Shantiyi, arewa da Paris, mai bayani yana ta cewa doki sau ɗaya tak yake shiga wannan tsere a rayuwarsa, don ƴan shekara uku kaɗai ake karɓa. Mu nan ai duƙushi ke nan, ko a hipodrom ba shi ake tsoro ba. Wa ya kawo wannan ƙa'ida?

Tsohon Mushe na Yantala:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Faransawa aro suka yi, tushen yana Ingila. Da can Turawan Ingila manyan dawaki suke tserarwa, ƴan shekara biyar ko shida, a nisan da ya haura kilomita 6, a yi zagaye a huta a sake, har ƙarfin wani ya ƙare. A 1779 wani basarake da ake kira Lord Derby ya shirya gajeren tsere na goɗiyoyi ƴan shekara uku a Epsom, kudu da Landan, aka sa masa sunan gidansa, Oaks. Goɗiyarsa Bridget ce ta ci. A wajen walimar aka ce to a yi wa maza nasu. Ana ba da labarin cewa shi da abokinsa Charles Bunbury kwabo suka jefa don a san sunan wa za a sa. Sunan Derby aka sa wa tseren, amma ranar 4 ga Mayu 1780 dokin Bunbury, Diomed, shi ya zo na ɗaya. Lokacin mita 1,600 ne, a 1784 aka kai shi wajen 2,400.

Hikimar ƙa'idar ita ce ta fi burge ni. Tseren da kuka saba gani kullum, yawanci ana ɗora wa gwani nauyi a rage wa rago don a rikita masu caca. Nan ba haka ba ne. Sa'o'in juna ne, nauyi ɗaya, sai goɗiya da ake ɗan rage wa. Ba a karɓar dokin da aka dandaƙe, domin abin da ake nema shi ne a gane ingarman da ya cancanci a ɗauki irinsa. Wanda ya ci, masu goɗiyoyi za su yi layi a ƙofar bargarsa shekara da shekaru. Diomed kansa yana da shekara 21 aka sayar da shi Amurka a 1798, kuma can ya bar zuri'ar da ta cika ƙasar. Tseren Kentucky da suka fara a 1875 ma sunan Derby ya ɗauka.

Na Shantiyi an fara shi a 1836, kuma dokin wani Bature ɗan asalin Ingila, Henry Seymour, ya fara ci, sunansa Frank. Faransawa sun rama a 1865 da dokinsu Gladiateur ya tsallaka teku ya ci Derby na Epsom. Har gobe mutum-mutuminsa yana tsaye a filin tseren Longchamp na Paris.

Mai Kili na Tahoua:
Mushe, Allah ya ƙara sani. Amma ni da nake kwana kusa da turke, ban yarda da shekara ukun nan ba. Doki ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara biyar, haƙoransa ma sai lokacin suke cika. Mahaifina ba ya barin a yi sukuwa mai tsanani da duƙushi, ya ce gaba ce ake cinye masa. Kuma ƙidayar tasu, duk dokin da aka haifa a shekara, ranar 1 ga Janairu ake ƙara masa shekara. Wanda aka haifa a Mayu da na Janairu duk ɗaya ne a takarda, alhali wata huɗu ba wasa ba ne a jikin dabba ƙarama. Gaggawar kuɗi ce a ganina, mai doki ba ya son ya ci gaba da ciyarwa shekara biyar bai ga riba ba.

Sannan a riƙa tunawa, jinin nan da suke taƙama da shi daga ingarmu uku na gabas ya fito. Ɗaya, Darley, a Halab ta Siriya aka saye shi a 1704. Abin da suka fi mu shi ne rubutu, tun 1791 suke da littafin asalin dawaki. Mu dokin Arewa mai kyau sai ya mutu ba wanda ya rubuta ko sunan uwarsa, wannan yana cina a rai.

Ɗan Boukoki:
Na gode iyayena. Baba Mushe, to na ji an ce mita 2,100 a Shantiyi, ba 2,400 ba?

Tsohon Mushe na Yantala:
Daidai ka ji. A 2005 suka rage shi, don masu kiwo yanzu sauri suke nema fiye da juriya. Epsom bai canza ba, hawan tudu ne da gangara da kwana mai wuya. Nemi bidiyon Shergar, dokin Aga Khan, a 1981, ka ga yadda ya ba na biyu ratar tsawon doki 10. Mai Kili, maganarka ta littafi gaskiya ce, ku da ke da barga a Ader ku fara da ɗan kaye, a rubuta uba da uwa da ranar haihuwa.