Hoto ne matsalar ko rubutun talla?

Salamu alaikum jama'a. Wasana yana kan Steam, kasuwar intanet ta sayar da wasannin kwamfuta, na kasa gane abin da ke korar masu saye. Na sake ƙaramin hoton tallar wasan, mai girman 462x174, na ƙara wa sunan kauri don da ba ya karantuwa. A makon kuma na taƙaita rubutun talla, kuskurena ke nan. Masu danna hoton sun ƙaru, amma masu sa wasan a jerin abin da za su saya sun ragu. Da na mayar da tsohon rubutun, sai lokacin rangwame ya shigo ya dagula lissafin. Google Play na barin a gwada hoto biyu lokaci guda, a Steam babu wannan.

Kwana nawa zan bar sauyi ɗaya kafin in yarda da alƙaluman?